Ranar da Na Tsare Jirgin Inna

Duk ƙasar da ta ci gaba tana da rana guda da doka ta fara tsayawa da ƙafafunta, kuma malaman tarihi sukan daɗe suna musu a kan wace rana ce. Mu a Yawuri an hutar da su wannan wahala. Na san ranar, na san wurin, na san har irin takalmin da doka ta saka, domin a ƙafata yake: farin kambas ne na aro, ya kuma yi mini yawa.

Shekarun baya ne, ina ajin kusa da na ƙarshe a sakandare, 'yan sanda suka zo makarantarmu a Yelwa ana gab da dogon hutu. Suka ce sun shirya wa matasa wani horo, a nuna mana yadda aikinsu yake, ko wani zai yi sha'awarsa in ya girma. Za a koya mana maci, da ba da hannu a titi, da taimakon wanda ya ji rauni, da sauraron ƙorafin mutum har ya gama ba a katse shi ba. Na ba da sunana saboda kishin ƙasa. Ana kuma ba da hula da usur. Abokina, wani ɗan ƙasar Ngaski da muke zama benci ɗaya, shi bai yi wani ɓoye-ɓoye ba, ya ji ana raba shayi da burodi.

Matsalar tana gida. Ni ne ɗan fari, Inna kuwa tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari kamar aikin gwamnati, ba hutu, ba ritaya. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ni ne “wancan”, ni ne “wasu mutane”. In tana da magana da ni, sai ta aiko ƙanwata. In ƙanwata ba ta nan, sai ta gaya wa duk abin da ke kusa. Akuyarmu ta sha karɓar saƙona. Ina zaune a tsakar gida zan ji Inna na cewa, “Ke akuya, wasu mutane dai ba su ci tuwonsu ba, shina nan shina hucewa.” Sai in tashi in ɗauka. Ni ma ban taɓa tsayawa gabanta na miƙa mata magana kai tsaye ba. Haka muka rayu, kuma ba na jin akwai gidan da aka fi mu fahimtar juna a unguwar.

Da labarin horon ya isa kunnenta, sai ta gaya wa Baba ra'ayinta, ina bakin ƙofa ina ɗaure igiyar kambas.

“Malam, ni ban son wanga abu. Yaro in ya sa kaki, wuyanai tauri shika yi. Gobe ka gan shi tsaye bisa kan manya shina ɗaga hannu.”

Baba ya yi sulhu irin na malaman makaranta. Ya ce a bar ni in je. Amma ranar da Inna ta ga na ɗaga wa babba murya ko hannu, ko da sau ɗaya, a ranar zan mayar da hular, ba kuma zan yi faretin rufe horo ba. Inna ta gaya wa tukunya cewa ta yarda.

Wanda aka ba mu a matsayin malami wani saje ne na 'yan sandan ruwa, gajere, mai gashin baki, mai muryar da ke isa wancan ƙetaren kogi ba tare da ya sha wahala ba. Ya koya mana hagu da dama, abin da na ɗauka na sani tun ina firamare, sai da maci ya nuna mini cewa sani na littafi daban, na ƙafa daban. Bayan mun ɗan goge, sai ya ce za a fitar da mu aiki na gaske. Wasu aka kai su mahaɗar titi wajen 'yan acaɓa. Ni da abokina aka kai mu bakin ruwa, inda jiragen kasuwa ke lodi.

Damina ce, ruwa ya cika ya yi ja. Saje ya nuna mana tulin rigunan ceto, masu ruwan lemo ɗin nan da ke hana mutum nitsewa, ya rataya mini usur a wuya.

“Doka ɗaya ce,” in ji shi. “Ba riga, ba tafiya. Jirgi ba ya tashi sai ka busa. Ko ubana ne ya zo, sai ya saka. Wanda ya bar fasinja ɗaya ya wuce haka, ya ajiye mini usur ya tafi gida. Kun ji?”

Muka ce mun ji, da ƙarfin da ya tashi tsuntsaye.

Jama'a, na yi mulki a safiyar nan. Na saka wa masu kifi riga, na saka wa masu albasa. Wani da ya loda babur a jirgi ya tambaye ni ko babur ɗin ma zai saka, na ce masa ana duba lamarin. Wani alhaji mai babbar riga ya yi gunaguni, na karanta masa dokar a nutse har ya gaji ya karɓa. Ina tafiya ina jin kambas na faɗa mini fat-fat a dunduniya, amma a zuciyata ƙarar takalmin sufeto nake ji.

Sai abokina ya taɓa ni da gwiwar hannu.

“Ranka ya daɗe, ga babban fasinja nan tafe.”

Na juya. Inna ce ke gangarowa, cikin sabuwar atamfa da ta daɗe tana ajiya, da mayafi mai ƙyalli, da kwanon kayan barka a ka. Na manta sam, ranar ake sunan jikar yayarta a wani ƙauye da ke gaɓar ruwa. Ta wuce ni kamar yadda ake wuce turken jirgi. Ta wuce tulin riguna ma haka. Ta shiga, ta gyara zama a tsakiya, ta ɗora kwano a cinya, ta kama kallon wancan ƙetare.

Mai jirgin, wanda ya san gidanmu tun kafin a haife ni, ya dafa injin yana murmushi.

“Yallaɓai, jirgi ya cika. A busa muna mu tahi?”

Na duba gindin mangwaro. Saje na zaune yana cin gasasshen kifi, idonsa na kaina. Na duba Inna. In na busa, usur ya tafi. In na matsa na ce mata ta saka, hula ta tafi. A darasin lissafi an koya mana matsala mai amsa biyu, ba a taɓa koya mana wadda duk amsoshinta gida suke kai mutum ba.

Na ja abokina gefe. “Je ka gaya mata.”

Ya ɗauki riga ya durƙusa a bakin jirgi. “Inna, ina kwana? An ce a saka wannan.”

“Lahiya lau, ɗana. Wa ya ce?”

“Hukuma, Inna.”

“To, ka koma ka hwaɗa ma hukuma, bakin ruwan ga aka haihe ni. Tun hukuma ba ta da haƙori nike ƙetare shi. Kuma wagga riga warin kihi takai, ba ta hawa atamhwata.”

Tsakanina da ita bai fi a miƙa hannu ba, na ji komai. Duk da haka abokina ya taka zuwa gabana, ya ƙame, ya sara mini.

“Ranka ya daɗe, an ce a gaya wa hukuma ta je ta yi haƙori.”

Jirgi ya ɗauki dariya. Wata mai kifi ta ce, “Yau muna da kallo, ɗan hwari ya kama uwatai!” Alhaji mai babbar riga ya ce shi dai ba ya sauri, a ci gaba.

Na sake tura shi ya ce ruwa ya cika. Ta ce ta gani, ba makauniya ba ce. Na tura shi ya ce za a shimfiɗa mata ɗankwali a ciki don kar atamfa ta ɓaci. Ta ce hukuma ta fara sayen atamfa tukuna kafin ta koya mata adana ta. Abokina yana kai saƙo yana dawowa, kowane zuwa sai ya ƙara masa gishiri, har ya fara ɗingishi wai tafiyar ta yi masa nisa. Daga ƙarshe Inna ta rufe ƙofar.

“Kai ɗana, huta. Ba kai aka rataya ma usur ba. Mai usur in shina da magana, shi yi ta.”

Ta san ba zan iya ba. Fasinjoji ma sun sani, shi ya sa suka zuba mini ido suna jira. Saje ya ajiye kifinsa ya miƙe tsaye.

Ban san daga ina dabarar ta zo ba, sai dai in ce a gida na koye ta. Na karɓi rigar daga hannun abokina, na taka cikin ruwa da farin kambas ɗin mutane, na durƙusa a cikin laka a gefen jirgi, kamar yadda nake durƙusawa in zan gaishe ta da safe. Na ɗaga rigar da hannu biyu, na sunkuyar da kai. Sannan na dubi katakon jirgin na yi masa magana.

“Kai jirgi, don Allah ka gaya wa wasu mutane da ke cikinka, ba hukuma ce ke roƙo ba. Akwai wani gida a Yelwa, in ba su dawo ba, babu mai sake gaya wa akuya cewa tuwo na hucewa. Akuyar kuwa ba ta iya tunawa da kanta.”

Na so in faɗe shi da muryar wasa, amma wajen ƙarshe muryar ta ɗan karye, abin da babu shi a tsarin horo. Na ci gaba da riƙe rigar sama. Ina jin sanyi na hawa wandona.

Can sai na ji Inna ta yi gyaran murya. Ta leƙa ta dubi ruwan.

“Kai ruwa, hwaɗa ma wasu mutane su tashi hakanan. Wandon ga ni za a bar ma wankinai.”

Sai na ji an zare rigar daga hannuna.

Mai kifi ta rangaɗa guɗa. Mata biyu suka taya Inna ɗaure igiyoyin a kan sabuwar atamfa, ta zauna a ciki kamar an naɗa ta sarauta. Kuma tunda ta saka, sai ta ga bai kamata wani ya tsira ba.

“Alhaji, ina taka? Bisa kanta kake zaune? Matashi aka ba ka? Kai kuma mai jirgi, kai kihi ne? Ɗauko ka sa. Yaron mutane na cikin laka tun ɗazu kuna ta dariya.”

Yaron mutane. A tarihin gidanmu ba a taɓa yi mini kirari mai tsawon wannan ba.

Saje ya iso yana goge hannu a wando. Ya dube ni daga hula har laka.

“Wannan salon ba ya cikin abin da na koya muku.”

“Babu, ranka ya daɗe.”

“Mahaifiyarka ce?”

“Wasu mutane ne, ranka ya daɗe.”

Ya yi dariyar da ta girgiza gashin bakinsa, ya juya ya ƙame ya sara wa Inna. Ita kuwa ta gaya wa kwanonta cewa wannan sajen da alama ɗan gidan mutunci ne. Na cika ƙirji da iska na busa usur, busar da nake jin har garin Shanga an ji ta. Na juya na hau tudu ina maci, kambas na tsiyayar ruwa, ban waiwaya ba, domin manyan mutane ba sa waiwaye bayan sun gama aiki.

Ranar faretin rufe horo Inna ta zo. Ta zauna a layin iyaye, ta kalli kowane yaro a filin ban da guda ɗaya. Da muka koma gida ƙanwata ta kawo mini rahoto: wai Inna ta ce akwai wani a sahun gaba, ƙafarsa ta fi ta sauran tashi, amma ya rame, a ƙara masa tuwo.

Ban zama ɗan sanda ba, alli ne ya ci ni, na zama malamin makaranta. Abokina ne ya shiga, yana nan da igiyoyin muƙaminsa a hannun riga, kuma har yau in mun haɗu sai ya ƙame ya tambaye ni ko hukuma ta yi haƙori. Amma abin da na koya a lakar nan shi nake ci a aji har gobe. Doka takan shiga inda tsawa ba ta shiga, in wanda ya kawo ta ya yarda ya rage tsawo, ya kuma bari a gane cewa don mutum ya dawo gida lafiya aka yi ta. Duk lokacin da na ga jirgi ya tashi da mutane cikin riguna masu ruwan lemo, nakan ji wani daɗi a raina, in ce da ni aka kafa wannan. Inna ma yanzu tana da rigarta ta kanta, tana rataye kusa da atamfofi, ba ta warin kifi.

Sai bayan shekaru abokina ya gaya mini abin da ya faru bayan na hau tudu. Injin ya ƙi tashi. Kowa ya cire rigarsa ya sauka, Inna ta tafi sunan a mota.