Shafin da Yaya Mani ya sauya

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Malam Usmanu, wanda muke kira Mani. Ni aji uku na yi a firamare na gudu, to mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Shi ne ya yi karatu a gidanmu, har ya koyar a wata makaranta kusa da Maradun.

A lokacin da ake aikin dam ɗin Bakolori, kullum bayan la'asar mutanen ƙauyenmu kan taru a gindin tsamiya ya karanta musu littafin yaƙi, irin na jarumai da aljannu. Al'adar majalisar ita ce duk wanda ya shigo cikin labari sai a liƙa sunansa ga wani a cikinmu. Ni da yake ina fiton mutane a gulbi da damina, sai aka sa mini Ɗan Kada, mai jirgin da ke ƙetarar da jarumi Dagazau. A littafi na ɗaya sunan ya yi mini daɗi, don Ɗan Kada mutumin kirki ne.

Kafin littafi na biyu ya iso daga kasuwar Talata Mafara, na bar fito na kama lebura wurin masu awon filayen da aikin dam zai cinye. Aikina ɗaukar turaku masu jan fenti, inda aka nuna in kafa. Duk gonar da turke ya shiga, mai ita ya san ta tafi. Da hannuna na kafa guda huɗu a fadamar Sale, maƙwabcinmu, yana tsaye yana kallona. Tun ranar ya daina amsa gaisuwata, kuma ba shi kaɗai ba.

Littafi na biyu bai yi wa Mani daɗi ba tun farko. Ya ce Dagazau ya samu sarauta ya yi tumbi, ya manta da mutanen da suka sha kibiya dominsa. Idan ya zo kan maganarsa sai ya yi tsaki, jama'a su taya shi. Kowa ya san ba Dagazau kaɗai ake yi wa tsakin ba, har da manyanmu da suka bari ana ƙwace gonaki. Sannan labari ya kawo rundunar abokan gaba bakin kogi suna neman mai jirgi, kuma Ɗan Kada ya ƙetarar da su.

Mutane sun taso daga gona, fartanyoyinsu na hannu, a makon kuma an riga an fasa wa wani lebura kai a hanyar Bakura. Sale ya juyo ya dube ni, ya ce, "To Malam, ci gaba. Mu ji mi aka yi ma maci amana."

Mani ya juya shafi, ya ɗan dakata, sannan ya ci gaba, muryarsa ba ta sauya ba. Ya karanta cewa mutanen gari sun kama Ɗan Kada za su halaka shi, sai wata tsohuwa ta tare su, ta ce ɗiyansa sun kwana uku ba su ci ba, duk wanda bai taɓa sunkuya wa yunwa ba shi ya fara dukansa. Aka sake shi.

Sale ya ce, "Malam, hakanan littafin ya ce?"

Mani ya miƙa masa, ya ce, "Amshi ka duba."

Sale bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Ya tashi ya kakkaɓe wando ya tafi, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Washegari na ɗauki littafin na bi shafin da yatsa, kalma-kalma, har rana ta yi tsaka. Babu wata tsohuwa. Ɗaure Ɗan Kada suka yi a jirginsa suka nutsar. Na samu Mani da maganar, ya ce, "Da ina wurin, da ni za a ɗaure shi. Amma shi ba ƙanena ba ne." Ni kuma ban bar aikin awon ba sai da ya ƙare. Bayan shekara biyu ciwon ciki ya ɗauke shi.

Yau ruwa na bin hanyoyin da na kafa wa turaku, ana noman shinkafa da tumatir. Wasu sun samu, wasu kamar Sale sun koma wajen Damri suna noman aro. Ban san abin da Mani zai ce ba in ya gani. Mai yiwuwa tsakin nan dai zai yi. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma bai taɓa ce mini hannun bai ruɓe ba.

Mutumin da ban taɓa kama shi da ƙarya ba ya yi guda ɗaya a gaban jama'a, kuma a kanta nake tsaye har yau. Allah Ya gafarta masa ita. In akwai laifi a ciki, a ɗora mini.