Safar hannun da na mayar cikin jaka

Wata takwas ke nan ban leƙo zauren nan na malamai ba. Wasunku sun ɗauka ƙaura na yi. Ina nan a Jos, daga wani shagon intanet a Titin Bauchi nake rubuta muku, don yanzu rubutu ya fi mini magana sauƙi.

Ni ce wadda ta turo muku darasin zazzaɓin Lassa bara, cutar nan da ake ɗauka daga ɓera ko daga jini da aman mara lafiya. Idan kun tuna, bular wanki nake shafa wa yaro ɗaya a tafin hannu, in ce kowa ya gaisa da na kusa da shi. Kafin a kaɗa ƙararrawa ajin duk ya yi shuɗi, har kan marfin biro da bakin kofi. Yara suka je gida suna takura wa iyaye a rufe abinci, a daina shanya a ƙasa. Matan unguwar Abattoir suka sa mini suna Malamar Ɓera, ni kuwa daɗi nake ji.

Sai Yaya Hajara ta kwanta. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Aka yi maganin zazzaɓin sauro, aka yi na taifot, jiki ya ƙi. Ranar da na ga jini a dasashinta gabana ya faɗi, na ce a kai ta asibiti. Kafin a sami mota, Yaya ta cika.

Da aka zo wanka, Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta ce ni zan kama mata. Akwai safar hannu ta roba a jakata, daga ɗakin gwajin makaranta. Na ciro ina ƙoƙarin sawa. Goggo ta dube ni gaban mata cike da ɗaki.

"Ƙyamar 'yar'uwarki kike yi, Saude? Ita da ta goya ki?"

Na mayar da safar cikin jaka. Da hannuna na wanke mata baki da hanci. Na san abin da nake yi, wannan ne ke cina har yau.

Kwana goma bayan nan zazzaɓi ya rufe ni, maƙogwaro kamar na haɗiyi ƙaya, sai amai. Ban jira ba, na ce wa likita ya gwada Lassa, na gaya masa dalili. Aka keɓe ni a ɗaki ni kaɗai. An aika jinina wani gari mai nisa, amma tun kafin sakamako ya dawo suka fara mini allurai ta jijiya. Maigidana ta taga yake miƙo kunu. Wata nas 'yar Kuru takan tsaya daga ƙofa ta ce da irin Hausarta, "Malama, kada ka ji tsoro, za ka tashi." Ban yarda da ita ba.

Na tashi ɗin. Sai dai a makon da zazzaɓin ya sauka kunnena ya fara ƙugi, bayan kwana uku kuma shiru. Likita ya rubuta mini a takarda cewa cutar takan yi haka, wasu jinsu yakan dawo, wasu ba ya dawowa. Wata shida ina duba, nawa bai dawo ba.

Na gwada komawa aji sau ɗaya. Yara suka miƙe, na ga bakuna suna motsi. Wata ta ɗaga hannu ta yi tambaya, na ba da amsar da nake zato. Daga fuskokinsu na gane ba ita ba ce. Da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Yanzu a ofis nake zama ina makin takardun wasu, an ba wani malami ajina.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai, bai kuma bari cutar ta taɓa kowa a gidana ba. Na gode wa likitan da ya saurare ni, da nas ɗin nan, da maigidana da ya koyi yi mini magana da biro. Goggo ma ban riƙe ta ba, kullum tana zuwa ta zauna kusa da ni tana kuka.

Don Allah, zazzaɓin da ya ƙi jin magani kwana uku, a tafi asibiti. A rufe abinci. Wanda ya rasu da jini a baki ko hanci, kada a taɓa shi sai ma'aikatan lafiya sun zo.

Na miƙa wa sabon malamin littafin darasina. Na ƙara masa shafi guda, na rubuta a sama: abin da yaro zai ce wa babba idan irin ranar wankan nan ta zo. Ƙasan shafin babu komai. Idan akwai wanda ya san abin da zan rubuta a wurin, ya turo mini, ni ban sani ba.