Saratu Mai Abarbar Ado

Yayata Saratu ta daɗe tana noman abin da ba a ci. Ni Ummaru ƙaninta ne, ina tuƙa keke mai ƙafa uku a Bodinga, kuma ni ke kai mata kaya tasha, saboda haka ina da bakin magana. A garin da hankalin kowa ke kan gero da albasa, ita ta cika bayan ɗakinta da wasu tsirrai dangin abarba da ba su taɓa yin abarba ba. 'Yan boko suna ce musu bromeliyad. Ni kuwa abarbar banza nake ce musu, ko a gabanta.

Mijinta, marigayi Zayyanu, shi ya jawo mana su. Ya yi aikin lambu a wani otal a Abuja, da ya dawo gida sai ya taho da tukwane kaɗan a kwali. Bayan rasuwarsa mun ɗauka za su bi shi. Ashe Saratu ta fi shi hannu. Ta kafa musu rumfar zana, da bazara ta rataya jiƙaƙƙun buhuna don su sami sanyi, ta koyi cire 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa ta dasa daban. Ta san Guzmaniya mai jan kai, da Niyorejiliya wadda tsakiyarta ke rinewa kamar an sa mata lalle, da Ekmiya mai ƙaya a gefen ganye, da waɗanda aka haɗa iri biyu aka samo su. Masu tara irin waɗannan furanni daga Sakkwato har Kaduna suna kiran ta a waya, su tambayi wani iri da muryar mai neman magani. Ban taɓa gane abin da suke gani ba, amma da su ta ci da gidanta, ta kuma aurar da 'yarta Maryam.

Abin da ya kamata a sani game da tsirran nan shi ne ba a gindi suke shan ruwa sosai ba. Ganyensu na haɗuwa a tsakiya ya yi ƙoƙo, a nan ruwa ke zama. Duk Juma'a Saratu takan karkata kowace tukunya ta zubar da tsohon ruwan, ta zuba sabo, don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Ta saba da yin haka har ba ta ɗauke shi aiki ba, kuma wannan sabon shi ya cuce ta.

Tsakanin gidanta da na maƙwabciyarta Bahijja akwai wata 'yar kafa a katanga, inda ruwan wata damina ya zubar da ƙasa ba a gyara ba. Ta nan ake miƙa gishiri da garwashi, ta nan kuma Lubna, 'yar Bahijja wadda ko makaranta ba ta shiga ba, take ratsowa kullum ta zauna a rumfar. Inna take ce wa Saratu. Akwai wata Guzmaniya da Lubna ta ce tata ce, ba mai taɓa ta.

A daminar bara haihuwar Maryam ta zo da gardama a Lambara, aka kira Saratu da gaggawa. Ni na ɗauke ta. Tana ɗaure kaya tana magana ta kafar nan.

"Bahijja, don Allah ki duba min su. Kak ki bari ƙoƙon ya bushe."

"Tahi abinki, Inna, Allah shi sauke ta lahiya," in ji Bahijja.

Saratu ta ce a zuba, ba ta ce a zubar ba. Bahijja kuwa mace ce mai riƙon amana har ya yi yawa. Kullum da safe sai ta bi tukwanen da buta ta cika su, ko da an kwana ana ruwa.

Saratu ta yi makonni a Lambara. Ranar da na maido ta, tun kafin ta ajiye mayafi ta wuce rumfar. Na biyo ta da kaya, sai na tarar da ita a durƙushe gaban Guzmaniyar Lubna, ba ta motsi. Na leƙa. Ruwan ƙoƙon ya yi duhu, kuma tsutsar sauro ce a ciki tana ta wutsil-wutsil. Ta duba ta kusa, haka. Ta gaba ma haka. Da ta girgiza wani ganye sai sauro ya tashi buu a fuskarmu.

Muna nan sai muka ji muryar Bahijja ta katanga, wata irin murya da ban san ta da ita ba.

"Ummaru, kana nan? Zo ka ga ɗiyag ga."

Lubna ta kwana biyu da zazzaɓi, ana ba ta magani ana cewa zai sauka. Da na shiga na same ta a kan tabarma, jikinta ya sandare, idanu sun juye, haƙora a datse. Ubanta Hassan yana gona. Na sha ɗaukar marasa lafiya a kekena, amma ban taɓa gudu irin na ranar ba. Bahijja ta rungume yarinyar a baya, Saratu na gefenta tana riƙe da 'yar ƙafarta. A madubi nake kallon yayata. Leɓɓanta na motsi, fuskarta ta yi fari fat, kuma na san ba addu'a kaɗai ke cikin ranta ba.

A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, ya kuma shanye mata jini. Aka sa mata ruwa, aka ɗebi jinin Hassan da ya iso da taɓo a ƙafa. Yarinya ba ta farka ba ranar, ba ta farka washegari ba.

Tsoro iri biyu ne ya kama Saratu, kuma na ga yadda ya cinye ta. Tana tsoron yarinyar ta mutu, tana kuma tsoron a ce ita ta kashe ta. Ba ta iya cin abinci. In nas ta fito daga ɗakin sai ta miƙe zumbur, in aka yi kuka a wani gado sai ta dafa bango. Na ja ta gefe na ce ta rufe bakinta, na riga na koma na zubar da ruwan tukwanen duka, ba wanda ya gani. Ta dube ni kamar na ce ta yi sata.

Ta tare nas ɗin a baranda ta faɗa mata komai, ta tambaye ta ko sauron tukwanenta ne.

"Mama, damina ce," in ji nas ɗin. "Kowane kwata da kowane sawun saniya akwai ruwa. Yana yiwuwa ba naki ba ne. Amma ba wanda zai iya nuna miki sauron da ya cije ta."

Ni wannan amsa ta ishe ni. Ita kuwa ba ta ishe ta ba, don ba a ce mata a'a ba. Ta wuce kai tsaye ta zauna kusa da Bahijja a ƙasa, ta gaya mata abin da ta gani a ƙoƙon furen Lubna, da abin da ta manta ba ta faɗa ba. Ina tsaye ina jin kamar in shaƙe ta.

Bahijja ta daɗe tana kallon tafin hannunta. "Ni na zuba ruwan, Inna," ta ce. "Da hannuna. Lubna na riƙe min buta."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowacce da nata, suna kallon ƙirjin yarinyar yana ɗagawa yana sauka.

Allah ya yi da sauran kwananta. Da hantsin rana ta uku Lubna ta buɗe ido ta nemi ruwa. Saratu ta fita waje ta yi kukan da ban ga ta yi ba ko a rasuwar Zayyanu.

Na ɗauka shi ke nan. Bahijja ba ta taɓa faɗin baƙar magana ba, Hassan ma yana gaishe ta kamar da. Amma ana gama girbi ya kwaɓa ƙasa ya toshe kafar katangar. Ya ce don awaki ne, alhali awakin sun yi shekara da shekaru suna ratsawa ba wanda ya damu. Saratu da kanta ta miƙa masa ruwan kwaɓin.

Ba ta bar sana'arta ba, da me za ta ci? Sai dai yanzu ba ta jiran Juma'a. Kullum da sassafe takan karkata tukwanen ɗaya bayan ɗaya, har da bazara lokacin da ko sauron kirki babu, hannuwanta duk zanen ƙayar Ekmiya. Na daina ce musu abarbar banza.

Guzmaniyar nan ta yi furenta ta bushe, kamar yadda kowace uwa a cikinsu ke yi, ta bar ɗa a gindinta. Wani mai saye daga Kaduna ya yi ta naci a kansa, Saratu ta ce yana da mai shi. Ya girma yanzu, ya soma jan kai. Rannan na zo ɗaukar kaya muka ji Lubna ta bayan katanga tana tambayar uwarta ko furenta ya fito, uwar ta ce ta zo ta ci tuwo. Saratu na riƙe da tukunyar a karkace, ruwan ya gama zuba tuni, amma ba ta miƙar da ita ba.