Zoben Farar Roba da Tankin da Ya Ƙi Cika

Shekaru sun ɗan ja tun da abin nan ya faru, kuma ni mutum ne mai yawan juya magana a rai har ta sauya kama. Don haka mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata, ko na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta haka ba. Abin da nake da tabbas a kansa shi ne tankin, da sandar robar, da shirun da na yi a inda bai kamata ba.

Lokacin ban daɗe da gama karatun injiniya ba, aka tura ni sashen ruwa a Kebbe. Aikin farko da ya faɗo hannuna shi ne tankin wani ƙauye da ke kan hanyar Fakku. Injin mai aiki da hasken rana yana tura ruwa sama yini guda, amma tankin ba ya cika, domin babban bawul ɗin da ke ƙasansa, wato makullin ruwan, yana tsiyaya. Da na kwance shi, na tarar zoben farar robar da ke toshe ruwan ya cinye. Bawul ɗin tsohon yayi ne, an liƙe shi da jikin tankin, kuma ban samu irinsa ba duk inda na tambaya. Bazara ce. Mata sun koma tonon ruwa a gindin busasshen rafi, ruwan da ni kaina ba zan yarda in sha ba.

Shugaban kwamitin ruwa na ƙauyen, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya tambaye ni ko zai gyaru. Na ce ina jin zai gyaru, wataƙila, in an samu kayan. Ya dube ni ya ce, "Malam, 'wataƙila' ba ta cika tulu." Daga nan na ƙudurta cewa sai na ga tankin nan a cike.

Robar da ake irin wannan zobe da ita ita ce wadda 'yan kasuwa ke kira tafulon. Tana zuwa ne sanda-sanda. Ruwa ba ya kumbura ta, maganin tsabtace ruwa ba ya cin ta, kuma santsi gare ta kamar sabulu. Iri-iri ce: akwai fara tsantsa, akwai wadda aka cuɗa da garin gilashi don ta ƙara tauri, akwai baƙa mai haɗin gawayi da ake sa wa inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Tunda ruwan sha ne, tsantsar na nema. A Sakkwato wani mai shago ya miƙo mini farar sanda ya rantse ita ce, amma da na ɗaga sai na ji ta shafal. Nailan ce. Tafulon ta gaskiya tana da nauyin da ke ba hannu mamaki. Da ƙyar na samu guntu ɗaya, bai kai kamu ba, wanda a lissafina zai ba da zobe uku in an yi tattali.

A Tambuwal akwai wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe, wanda duk masu injin niƙa da na ban-ruwa suka sani. Baba kowa ke kiransa. Rumfarsa ta kwano ce, kullum da mutane zaune a benci suna jiran aiki ko suna hira kawai. Ya karɓi sandar ya jujjuya ta.

"Injiniya, wagga aba ce ka ɗauko tun daga Kebbe? Ni da nika yanka ƙarfe awa rogo?"

'Yan benci suka yi dariya. Ya danna sandar cikin haƙoran injin, ya ɗaure ta tamau kamar yadda yake ɗaure ƙarfe. Na ga haƙoran sun nutse a jikinta. Ya sa bakin yankan da ya gama aikin ƙarfe da shi, ya ba injin wuta. Da tsakar rana ne, kwano ya ɗau zafi. Yana gamawa ya auna zoben tun yana da ɗumi, ya nuna mini ma'aunin, daidai da abin da na rubuta.

Na san abin da aka koya mana. Tafulon tana buɗewa da zafi fiye da ƙarfe nesa ba kusa ba, in ta huce ta tsuke. In kuma an matse ta aka yanka, da an sake ta sai ta karkace. Duk wannan yana bakina. Amma a wurinmu yaro ba ya gyara wa dattijo sana'arsa a rumfarsa, gaban mutanensa. Na ce a raina wataƙila littafi ya yi zuzutawa. Na yi godiya, na hau babur.

Hanyar Kebbe ba ta da daɗi, kuma na yi ta ina fata. Da muka sa zoben, ya faɗa gurbinsa ba tare da an danna shi ba. Tun nan na san ya tsuke. Aka buɗe ruwa, ya yi feshi ta gefe, har ya jiƙa wa shugaban kwamitin riga. Ya matse gefen rigarsa kawai. Wata tsohuwa da ta zo da bokiti biyu ta ce, "Ɗana, mu koma rafi ko mu jira?" Na ce ta koma, amma na kwana biyu kawai. Ban san inda na samo ƙarfin faɗin haka ba.

Laifin nawa ne, ba na Baba ba. Shi ƙarfe ya sani, kuma ya san shi ƙwarai. Ni ne na sani na yi shiru. Saura zobe biyu a sandar, kuma ban da tabbacin samun wata kafin damina.

Na koma Tambuwal da hantsi. Na yi ta shirya magana a hanya, ina rushewa. Da na isa, na gaishe shi, na ajiye zoben a kan benci.

"Ya yi yoyo, Baba."

"Kai ka yi kuskuren awo, Injiniya. Ni abin da ka rubuta shi na yanka."

"Haka ne, Baba. Alfarma ɗaya nake roƙo. A sake yankawa yadda aka yi jiya, a auna. Sai mu bar shi a inuwa kusa da randa, mu je sallar azahar. In mun dawo a sake aunawa."

"Mi zai same shi? Aljanu za su rage shi?"

"Ni dai ina so idona ya gani ne, Baba. Wataƙila ni ne ban fahimta ba."

Na san zobe ɗaya nake sadaukarwa. Amma ban ga wata hanyar da zai yarda ba tare da na kunyata shi ba. Ya yanka, ya auna, ya nuna wa 'yan benci don su zama shaida. Muka tafi masallaci.

Da muka dawo ya sa ma'auni. Ya cire, ya goge bakinsa da riga, ya sake sawa. Ya juya zoben ya auna ta wani gefen, awon ya sake bambanta.

"Ikon Allah," in ji shi. "Wagga roba numfashi taka yi." Ya dube ni. "Kai ka san haka tun jiya?"

Na sunkuyar da kai na ce na karanta, amma ban taɓa gani ba.

"To kunyarka ta sa mata sun sha ruwan rafi. Faɗi sauran."

Na faɗa masa duka: a wasa bakin yanka ya yi kaifi kamar aska, kada a matse, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, a bari ta huce kafin yankan ƙarshe. Na kuma roƙe shi kada a zuba ɓawon robar da aka sassaƙe a murhun mai shayin da ke gefen rumfar, domin hayaƙinta yana sa zazzaɓi. Sauran dabarar tasa ce. Ya yanko guntun bututu, ya tsaga shi, ya sa sandar a ciki don haƙoran injin su kama bututun maimakon robar. Wannan ba ya cikin littafinmu. Ya ce in dawo da safe kafin kwano ya yi zafi.

Da safe ya sassaƙa na ƙarshe, ya bar ɗan rara, ya ajiye shi kusa da randa. Muka sha koko. Ya auna, ya ɗebe kamar kaurin gashi, ya sake jira. Wani ya shigo da aikin injin niƙa, Baba ya ce ya zauna, yau robar Injiniya ce ke da layi.

Washegari a ƙauyen, zoben bai shiga ba sai da na danna shi da manyan yatsuna biyu. Muka ɗaure, aka buɗe ruwa. Na tsuguna ina shafa ƙasan bawul ɗin, ina jiran ɗigo. Na daɗe a haka, har shugaban kwamitin ya taɓa kafaɗata ya ce in tashi. Kafin la'asar ruwa ya fara zubowa ta bututun saman tankin, alamar ya cika. Tsohuwar nan ta cika bokitanta biyu, ta ce mini kwana uku na yi, ba biyu ba. Ta yi gaskiya.

Mutane da yawa sun ga wannan, a benci a Tambuwal da kuma gindin tankin. Duk wanda ya tuna shi ba kamar yadda na rubuta ba, musamman maganganun Baba da dabarar bututun, ina roƙonsa ya aiko mini in gyara.