Mai-Begila da Baitin Auta

Haihuwarsa

An haifi marigayin da jama'a suka fi sani da Mai-Begila a shekarar 1946, a wani ƙaramin gari da layin dogo ya ratsa ta tsakiyarsa, cikin gidan haya mai ɗaki biyu a bayan tasha. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa, wadda duk layin ke kira Inna, ɗinki take yi da keken hannu. Shi ne ɗan fari, aka yi mata biyu a bayansa, sannan a shekarar 1951 aka haifi namiji na ƙarshe, wanda sunan Auta ya bi shi har ya yi gemu. Marigayin ya sha faɗa cewa ya san karin waƙa tun kafin ya san harafi, domin ya tashi ne a ɗakin da agogunan mutane ke rataye a bango, kowanne da irin takunsa, keken Inna kuma yana amsa musu daga tsakar gida.

Karatunsa

An sa shi makaranta a shekarar 1953, kuma adalcin tarihi ya wajabta a faɗi cewa bai taɓa ɗaga wa mai zuwa na ɗaya a aji hankali ba. Malamansa sun yi ittifaƙi a kan cewa jikinsa ne kawai ke aji, hankalinsa yana bakin taga yana bin hayaƙin jirgi. A aji na biyar aka miƙa masa tsohuwar begilar makaranta, wato ƙahon tagullar da ake busa wa yara a fareti, saboda kowa ya gwada ya kasa. Amfanin farko da ya yi da ita a gida shi ne tashin Auta, wanda Allah Ya yi wa baiwar nauyin barci. Kullum da safe sai ya goge wa ƙanen nasa takalmi, ya sa masa bakin begila dab da kunne ya busa, sannan ya ce, "Tashi, Auta, gari ya waye." Maƙwabta sun kai ƙara wurin mahaifinsu ba sau ɗaya ba.

Shigarsa aikin soja

A shekarar 1965 ya shiga aikin soja, aka tura shi sashen masu busa. A can ya ƙware a busa iri biyu da suka zama ginshiƙin duk abin da ya yi daga baya. Akwai busar asuba, mai gajerun numfashi da saurin taku, wadda ake tayar da bariki da ita. Akwai kuma busar yamma, mai ja da sanyin jiki, wadda ake yi idan za a sauke tuta, ko kuwa a bakin kabarin soja.

A shekarar 1972 Auta, wanda bai daɗe da aure ba, ya biyo sawun yayansa ba da son Inna ba. Ranar da za su tafi ta tsaya a bakin ƙofa da almakashi a hannu, ta dubi babban ta ce, "Kai ka ja shi da wannan ƙahon naka, kai kuma za ka dawo mini da shi."

Shekarun yaƙi da mafarin waƙar

Yaƙi ya ɓarke a kan iyaka a shekarar 1973. Wannan tarihi ba zai shiga dalilansa ba, tunda waɗanda suka yi shi ma ba su gama fahimtarsu ba. Busar yamma ta yi yawa a bakin Mai-Begila har leɓensa ya tsage, kuma a wannan hali ne ya fara tsara doguwar waƙar da ta sa aka san shi. Ya gindaya wa kansa sharaɗi guda: duk wanda ya busa wa a bakin kabari yana da baiti ɗaya, wanda bai busa wa ba kuwa ba ya shiga.

Masu nazari sun daɗe suna mamakin yadda waƙar yaƙi za ta kai wannan tsawo babu bindiga a cikinta, babu jini, babu kirarin jarumta, babu ko zagin abokan gaba. Jigonta kewa ne da jira. Salonta kuwa shi ne a bar ƙaramin abin da mutum ya bari ya yi magana a madadinsa: cokali, zaren ɗinke safa, hoton da ruwa ya cinye rabinsa. A cikinta hanya tana gajiya, ƙishirwa tana zama kusa da mutum kamar abokiyar hira, farin wata kuma yana leƙa ramukan sojoji yana neman wanda ya sani. Dukkan baitocin ya ɗora su a kan karin busar yamma, ɗango dogo mai tafiya a hankali, yadda mai rerawa ba zai iya sauri ba ko da ya so. Ga abin da ya ce game da wani da ake kira Dogo, mai yawan kwalliya:

*Dogo ya bar mana matajinsa,*
*Da rabin madubin nan na aljihunsa,*
*Ku gaya wa mai tsayuwa a ƙofarsa,*
*Ya tafi tsaf, ba ƙura a gashinsa.*

A damina ta 1974 rundunarsu ta zo ƙetare wani babban kogi da sassafe, cikin hazon ruwa. Kwale-kwalen da Auta ke ciki ya shiga hazon, waɗanda ke gaɓa suna jin muryoyinsu suna raguwa, bai kuma fito ta ɗaya gefen ba. An tsinci wasu, ba a tsinci Auta ba. Jakarsa ce kawai ta iso a wani jirgin, da takalmansa na fareti a ciki.

Aurensa da iyalinsa

Bayan an yi sulhu ya dawo gida da jakar, ya miƙa wa Inna. A shekarar 1976 ya auri ma'aikaciyar jinyar da ta taɓa ɗinke masa rauni a kafaɗa, wadda takan ce ta aure shi ne don ta ga ko ɗinkin zai riƙe. Allah Ya ba su 'ya'ya huɗu. Matar Auta kuwa ta haifi 'ya mace bayan ɓatansa, ta yi jira iyakar iyawarta, daga baya ta yi wani auren, yarinyar ta tashi a hannun Mai-Begila. Saboda yawan rera waƙarta ake kiranta Tsuntsuwa.

A waɗannan shekaru waƙar ta bazu ta kaset da rediyo, iyalan mamata suna zuwa daga nesa su zauna a barandarsa don su ji baitin nasu daga bakinsa. Tsuntsuwa tana kai musu ruwa, tana ganin kowa ya tashi da abin da zai riƙe. Tana 'yar shekara goma sha biyu ta tare shi yana goge takalman nan na babanta, aikin da bai taɓa fasawa ba, ta ce, "Baffa, kowa da baitin babansa. Ni ina nawa?"

Ya ce, "Ban busa masa ba, 'yata. Wanda ban busa wa ba, ba ni da ikon sa shi cikin waɗancan."

Inna tana ɗaki tana jinsu, sai ta ɗaga labule ta ce, "Ranar da ka sa Auta a waƙar nan, ranar ka binne mini shi da hannunka." Ta rasu a shekarar 1990 ba ta janye wannan magana ba, ta bar shi tsakanin umarnin uwa da idon marainiya, abin kuma ya ci shi ƙwarai.

Bayan ritaya

Ya ajiye aiki a shekarar 1991, ya buɗe tsohon shagon mahaifinsa ya koma gyaran agogo, kodayake masu kawo gyara sun shaida cewa ya fi sauraron agogo fiye da gyara shi. Tsuntsuwa ta zama malamar adabi a makarantar sakandare, kuma ƙaddara ta sa waƙar baffanta na cikin abin da take koyarwa. Kowace shekara takan bi jigo da salo da amsa-amo tare da ɗalibanta har baitin ƙarshe, ta rufe littafi ba ta gamu da mahaifinta ba. Ba ta sake tambayarsa ba, shi ma ya san shirun nata tambaya ne.

Ya taɓa gaya wa matarsa cewa mafarki ɗaya ke yawan zuwa masa: kwale-kwale yana tafiya a hankali cikin hazo, ruwa shiru, Auta a kwance a ciki ya yi matashi da hannunsa yana sharar barci, kogin kuma ba ya ƙarewa.

Baitin ƙarshe

A shekarar 2018 ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Wata safiya, rana ta fara taɓa agogunan bango, ya sa aka kira Tsuntsuwa, ya ce ta ɗauko masa begila da takalman. Ta zaci busar yamma zai yi, ga abin da ta yi shekaru tana nema ya zo, amma ta ji ba ta so. Sai ya tattara ɗan numfashin da ya rage masa ya yi busar asuba, sannan ya rera:

*Tashi, Auta, gari ya waye,*
*Takalminka na nan a goge,*
*Ga 'yarka nan a tsaye,*
*Ƙofar gida na buɗe.*

Sai malamar da ke cikinta ta ce, "Baffa, karin ya sauya."

Ya ce, "Na sani. Waɗancan kwantar da su na yi. Wannan tashinsa nake yi. Ki sa shi a ƙarshe, Inna ba za ta yi fushi ba."

Rasuwarsa

Allah Ya yi masa rasuwa a farkon shekarar 2019, yana da shekara saba'in da uku, aka yi jana'izarsa aka binne shi kusa da Inna, wani da ya koya wa busa a soja ya yi masa busar yamma. Ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya biyar, domin bai taɓa yarda a ce huɗu ba: babban ɗansa direban jirgin ƙasa, mai bi masa ma'aikaciyar jinya, na uku wanda ya gaji shagon agogo, ƙaramarsu mai ɗinki da keken Inna, da kuma Tsuntsuwa. Ya bar ƙannensa mata biyu da jikoki da dama. Bisa wasiyyarsa kuma, an rubuta cikin waɗanda ya bari har da ƙanensa Auta, wanda har yau ba a ji labarin rasuwarsa ba. Allah Ya jiƙan wanda ya tafi, Ya dawo da wanda ake jira.