Man haƙoran Yaya Asabe da sharrin da aka ƙulla mata

Shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar yayata Asabe. Allah Ya jiƙanta. A wajen addu'ar bana na ji dangin mijinta suna cewa mace ce mai hangen nesa, sai da na tashi na bar tabarmar don kada bakina ya suɓuce. Su ne fa suka kira ta 'yar koren masu dam, kuma ban manta fuskar ko ɗaya ba.

Lokacin da ake aikin dam ɗin Bakolori, Yaya tana aiki a wani ƙaramin asibiti kusa da sansanin leburori, wajen Maradun. Ruwa ya ci gonakin mutane, zukata sun yi zafi, duk abin da ya fito daga wajen masu aikin ana kallonsa da ƙiyayya. Ban ga laifin kowa a nan ba, mu ma gonarmu ta tafi. Amma tare da leburori shayi ya shigo, da alawa da minti, yara suna tsotsa tun safe. Kafin a ankara haƙoransu sun fara baƙi suna rami.

A asibitin ne wani likitan haƙori ya koya mata shafa fuloraid. Wani mai ne mai danƙo, kalar zuma, ana ɗiba da auduga a shafa wa yaro. Ta yi min bayani a tsakar gidana a Damri: yana ƙarfafa ɓawon haƙori, sai tsamin da sukari ke haifarwa a baki ya kasa cinsa da wuri. Ba ya cike ramin da ya riga ya yi zurfi, kuma sai ana maimaitawa bayan 'yan watanni. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a goge baki sai gari ya waye, don maganin ya kama.

Wannan sharaɗin aka kashe ta da shi tun tana raye. Akwai wani wanzami a unguwarsu, Ɗan Ige, wanda sana'arsa cire tsutsar haƙori. Yakan zuba wasu 'ya'yan itace a garwashi, yaro ya buɗe baki hayaƙi ya shiga, sai a ga wasu fararen abubuwa a ƙwaryar ruwa a ce tsutsa ta fito. In ciwon ya dawo, ya sa awartaki. Shi ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce, "Jama'a, sun cinye muna gonaki, yanzu sun aiko mace ta hana ɗiyanmu asuwaki. Wanga addini aka nufa."

Yini ɗaya ta ce a dakata, aka mayar da shi hana sunna. Alhali Yaya mace ce da asuwaki ba ya rabuwa da bakin zanenta. Babu wanda ya taka ya tambaye ta, har malaman da suka karanta da mahaifinmu.

Mijinta, Alhaji Mamman, ya fi kowa ba ni haushi, domin shi ya san gaskiya. Tsoron bakin mutane ya sa ya hana ta aiki, ya kuma rantse ba za ta taɓa bakin ɗansu Bello da man ba. A lokacin Bello yana famfara, sababbin haƙora suna fitowa, daidai lokacin da maganin ya fi amfani. Ta roƙe shi a gabana. Ta ce, "Alhaji, ka bar min shi kaɗai." Ya ce, "In na bari, mi zan ce wa mutane?"

Sauran man da ke kwalbarta ta kawo Damri ta shafa wa 'ya'yana, domin nawa mijin bai ji tsoron kowa ba. Bello kuwa wajen Ɗan Ige aka riƙa kai shi. Hayaƙi, awartaki, kumburi, a sake komawa. Ita ke riƙe kansa yana kuka, ita da ta san yadda za a kauce wa wannan duka. Har ta bar duniya ba ta sake ambaton asibiti ba.

Da za ta leƙo yau, za ta ga fuloraid ɗin nan a cikin man goge baki a kowane shago na kasuwar Mafara. Jikokin masu zaginta suna saye ba wanda ya ce addini ya taɓu. Ban san ko dariya za ta yi ba, don ta fi ni haƙuri. Ni dai haushi nake ji, musamman da har yau ba wanda ya ce "mun zalunce ta".

'Ya'yana sun manyanta, suna fasa rake da haƙoransu. Bello, da furfurarsa, sai na daka masa naman sadakar uwarsa a turmi kafin ya iya ci. Kwanakin baya ya ɗauki 'yarsa ya kai ta asibiti a Mafara aka shafa mata irin man nan. Malamar asibitin ta fara gaya masa kada yarinyar ta yi asuwaki sai gobe. Ya ce mata, "Bar shi, malama. A kan wagga magana aka hana uwata ta yi min."