Mai Lallashin Bawul

A ƙofar injin shinkafa a Kalgo, Azumi mai abinci tana kallon sabon mai koyon kanikanci: dogo, mai furfura, ya saɓa sifana kamar sanda. Ta rantse tsohon makiyayi ne.

Yau bawul ɗin da ke buɗe bututun ruwa ya cije, aiki ya tsaya, Oga mai injin ya ɗauko guduma.

Mai furfurar ya ce, "Oga, haƙuri. In ka doke shi, tsagewa zai yi."

"To, gwada naka. In ya ƙi, gobe kada ka dawo."

Bawan Allah yana kankare tsatsa, yana shafa giris, ya murɗa kaɗan ya mayar, yana masa fito a hankali. Can sai ga ruwa.

Oga ya ɓoye gudumar a baya. "Gobe ƙarfe bakwai."

"Shida zan zo, Oga. Sauran bawul ukun ma ba wanda ya gaishe su tun bara."